Ƙirgin Saniya da Takardar Banki

Kuɗin ba nawa ba ne. Da nawa ne, da na yi shiru na haɗiye, kamar yadda na haɗiye asara iri-iri a shekarun da na yi ina fataucin fatu da ƙiraga. Na taɓa rasa lodin mota guda a hanyar Ikko, ruwan sama ya shiga kayan suka ruɓe, ban kwana uku ina tunaninsa ba. Amma waɗannan kuɗi ajiya ce, kuma na mutumin da ba shi da sauran komai bayansu.

Aminina ne, Bafillace, daga dajin da ke gabas da Tsafe. Mun fi shekara talatin tare. Shi yake kiwata min 'yan shanuna tun ina da ƙarfin tafiya. In na dawo daga Kumasi ko Yamai sai in leƙa rugarsa, mu zauna a tabarma mu yi Fillanci, yana gyara min baki yana dariya. Modibbo yake kirana, wato malam da yarensu, alhali karatuna bai kai nan ba. Ni kuma ina kiransa Ardo, alhali bai taɓa mulkin kowa ba sai shanunsa.

Akwai wata al'ada tsakanin mai kiwo da mai dabba. In saniyar da aka ba ka kiwo ta mutu a hannunka, ba ka zuwa da baki kawai. Sai ka feɗe ta, ka kawo wa mai ita ƙirgin, ya gani da idonsa cewa ba sayarwa ka yi ba. Daga nan magana ta ƙare, ba biya, ba ƙorafi. Sau ɗaya hakan ta faru tsakaninmu. Wata shekara da kaka ya iso ƙofar gidana da ƙirgin jar saniyata a naɗe a bayan keke. Na shimfiɗa shi a ƙasa, na bi shi da ido daga wuya har wutsiya kamar yadda sana'a ta koya min, na ga abin da na gani. Na naɗe, na tambaye shi lafiyar yara, na sa aka kawo masa fura. Ba mu sake tayar da zancen ba.

Da daji ya daina zaunuwa, aka kore masa mafi yawan garken a rana ɗaya. Ya kwashi iyalinsa ya kai su gidan wani ɗan'uwansa a cikin garin Tsafe, suka cunkushe a ɗaki biyu. Shanu bakwai suka rage masa. Ya yanke shawarar da Bafillace ba ya yankewa sai ya ga ƙarshen hanya: ya sayar da su duka, ya sayi gida a gefen Gusau inda zai kwana da ido biyu a rufe. Na samo masa gidan, mai ɗaki huɗu da rijiya, muka yi ciniki da mai shi. Sai dai mai gidan ya tafi Umra, ya ce a jira ya dawo a yi biya gaban shaidu. Ardo ba shi da asusun banki, kuma ba mai hankalin da zai bi hanyar Tsafe da kuɗin shanu bakwai a aljihu. Saboda haka dillalin da ya sayar masa da shanun ya turo su cikin asusuna.

Ban ji nauyin abin ba a lokacin, domin riƙon ajiya ba baƙona ba ne. A zangon Kumasi na ga mai masauki yana riƙe dukiyar fatake goma a akwatin ƙarfe ɗaya, ba takarda ba sa hannu. A Sudan na taɓa miƙa wa wani attajiri kuɗina a shagonsa, ya ce in karɓa a Jidda wurin ƙanensa, na je na karɓa ba ko kwabo da ya yi ciwon kai. A Ikko kuwa ɗinke su nake yi a ƙugun wando. Ko'ina na je na koyi yadda ɓarawon wurin yake magana. Na san zaƙin bakin ɗan damfara da Larabci, na san shi da Faransanci, na san shi da Turanci da Yarbanci. Har alfahari nake yi a majalisa cewa ba a taɓa yanke min aljihu a ƙasar kowa ba. Labarin masu damfara ta waya kuwa na sha jinsa, kuma a raina na riga na zana musu kama: da Turanci suke zuwa, cikin gaggawa, ba sallama.

Ranar wata Juma'a da hantsi, cikin damina, ina zaune a zaurena a Sabon Gari, nan Gusau, saƙo ya shigo wayata. Wai daga bankina. Ya ce za a rufe asusuna kafin yamma in ban sabunta bayanaina ba, ga kuma wurin da zan taɓa. Da kuɗina ne kaɗai a ciki da na ajiye wayar na ci gaba da sauraron rediyo. Amma na tuna gidan, na tuna mai Umra yana gab da dawowa, na hango kaina gaban shaidu ina cewa an rufe asusu. Na taɓa wurin. Shafi ya buɗe da launin bankin da tambarinsa, komai daidai. Na rubuta lambar asusu, na rubuta lambar sirrin da nake shiga manhajar da ita.

Ban ajiye wayar ba sai ga kira.

“Salamu alaikum. Baba, ina kwana? An tashi lahiya?”

Muryar saurayi ce mai natsuwa, kuma Hausarmu ce ta nan, ba ta Kano ba, ba ta rediyo ba. Na amsa. Ya tambaye ni gajiya, ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni ruwa. Na ce ruwa ya yi gyara. Ya ce su ma wajensu an samu jiya, gero ya fara ɗaukar ciki. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, irin wadda yaran yanzu ba su da haƙurinta, sannan ya ce daga banki yake, ya ga na fara sabunta bayanai, ya kira ne ya taimaka in ƙarasa don kada dattijo ya sha wahalar layi.

“Amma Baba, kahin mu ci gaba, in roƙe ka wani abu. Lambar katinka ta cire kuɗi, kada ka hwaɗa ma kowa. Ko ni na tambaye ka, kada ka ba ni. Ɓarayi sun yi yawa.”

Wannan maganar ce ta kwance ni. Na ce a raina, ɗan gidan mutunci ne wannan.

Ya ce wata lamba mai guda shida za ta shigo yanzu, ita ce shaidar cewa ni ne mai asusun, in karanto masa. Ta shigo. Na ce ya dakata in ɗauko tabarau.

“A hankali Baba, ba sauri muke ba.”

Na shiga cikin gida, na ɗauko tabarau, na dawo na zauna, na karanto masa lambar ɗaya bayan ɗaya, har da maimaitawa don kada ya yi kuskure. Ya yi godiya. Ya ce Allah ya ƙara girma, ya sa mu cikin alherin Juma'a. Na ce amin.

Kafin shayin da ke gabana ya huce, alat ya shigo. Kuɗin shanu bakwai sun fita.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi yi min wuyar rubutawa. Bankin yana buɗe, kuma tsakanina da shi bai fi tafiyar minti biyar a kabukabu ba. Ban je ba. Na kira lambar saurayin, a kashe. Na ce wa kaina wataƙila wani aikin na'ura ne, za su dawo da kansu. Na san ƙarya nake yi wa kaina. Gaskiyar ita ce na hango kaina a tsaye gaban teburin wasu yara sa'annin jikokina, da farin gemuna, ina cewa ni ne na karanto lambar da bakina. Ni da mutanen unguwa ke kawo wa takardun Turanci in fassara musu. Na yi wanka na tafi masallaci. Na dawo. Aka rufe banki.

Asabar ta wuce, ban gaya wa kowa ba. Ranar Lahadi da azahar maiɗakina ta zo ɗaukar kwano ta tarar da tuwon yadda ta ajiye shi.

“Alhaji, kwana biyu ke nan kana mayar min da abinci. Ko dai gishirina ne ya tsufa tare da ni?”

Na gaya mata. Ta zauna a bakin tabarma.

“Kuɗin Ardo?”

Na ce su.

“Tun yaushe?”

“Tun Juma'a.”

“Kuma kana nan zaune.” Ba ta ɗaga murya ba. “Kunyar yaran banki kake ji, ba ka jin kunyar mai shanun?”

Ranar Litinin ni ne na uku a ƙofar banki. Aka tura ni wurin wata ma'aikaciya, yarinya mai tabarau, wadda ba za ta wuce sa'ar 'yata ta ƙarshe ba. Na zayyana mata komai, ban rage ba. Ba ta yi dariya ba, ba ta ko yi mamaki ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo, domin ya nuna min ni ba na farko ba ne a kujerar nan ko a wannan makon.

“Baba, yaushe abin ya faru?”

“Juma'a da hantsi, 'yata.”

Ta ɗaga kai ta dubi kalandar da ke bango, ta mayar da idonta kan na'ura.

Ta rufe hanyar shiga asusuna, ta sa na canza lambobi. Ta ce an tura kuɗin ne zuwa wani asusu a wani bankin daban, kuma yanzu za su rubuta wa wancan bankin ya riƙe duk abin da ya rage a ciki. Ta ce in je wurin 'yan sanda in kawo takardar rahoto. Na je, na sake ba da labarin daga farko, na sake faɗin inda na ɗauko tabarau.

Bayan kwana biyu ta kira ni. An riƙe asusun. Ta ce na yi sa'a guda: ƙaramin asusu ne, irin wanda ke da iyakar abin da za a iya cirewa a rana, shi ya sa ɓarayin ba su kwashe gaba ɗaya ba. Kullum sai su je wurin masu POS na bakin titi su ciri iya abin da aka yarda. Sun ciri na Juma'a, sun ciri na Asabar, sun ciri na Lahadi. Da na auna abin da ya rage, kuɗin shanu biyar ne. Biyu sun tafi. Na Juma'a wataƙila ko da gudu na je ba zan tare ba. Na Asabar da na Lahadi kuwa nawa ne, ni na ba su da zamana a zaure.

Riƙe kuɗi daban, dawo da su daban. Ta bayyana min cewa hanya biyu ce. Ko dai a je kotu a samo umarni, wanda zai iya cin watanni, ko kuma mai wancan asusun ya zo da ƙafarsa ya sa hannu cewa kuɗin ba nasa ba ne, a mayar. Na tambaye ta inda yake. Ta ce doka ba ta ba ta damar faɗa min ba, kuma ba bankinsu ba ne ma.

Amma sunansa yana cikin alat ɗin da ya shigo min. Na dawo gida na sake dubawa. Mutanenmu da yawa sunan garinsu suke liƙawa a ƙarshen suna tun daga makarantar firamare, ya bi su har kabari. Wannan ma haka. Sunansa, sunan mahaifinsa, sai Bungudu. A Kumasi ko Jidda suna ba ya kai ka ƙofar gidan mutum. A nan yana kaiwa.

Ɗan sandan da ke riƙe da maganar ya ce za su je su kamo shi. Na roƙe shi ya ba ni yini ɗaya. Na san in aka fara da ankwa, to kotu ce ƙarshenta, ni kuwa ba ni da watanni. Mai Umra ya kusa sauka.

Na shiga motar Bungudu da safe. Ban tambayi kowa a tasha ba, na wuce gidan wani mai unguwa da muka taɓa cinikin fatun layya da mahaifinsa. Muka gaisa, muka yi wa mamata addu'a, sannan na faɗi sunan.

“Tela ne, Alhaji. Nan bayan masallaci yake ɗinki. In ka ce min ya yi maka gardama kan kuɗin aiki zan yarda, don bakinsa ba ya mutuwa. Amma sata?” Ya girgiza kai, ya jawo takalmansa. “Mu je ka gan shi.”

Na tafi da fushi a cikina, na tanadi maganganu. Muka tarar da mutum mai kimanin shekara hamsin a kan keken ɗinki na ƙafa, da zare a leɓe, tsummoki sun kewaye shi. Da mai unguwa ya faɗi abin da ya kawo mu, ƙafarsa ta tsaya a kan keken. Ya cire zaren daga bakinsa a hankali.

“Inna lillahi. Shi ya sa anka ƙulle min asusu. Tun shekaranjiya nike gwada tura kuɗi ta waya, ba ya yi.”

Ya ba mu labari. Wani baƙo ne ya zo kasuwa biyu a jere yana sayen wake. Ya kawo masa yadi ya ɗinka masa riga, ya biya ba ciniki. Sun yi salla sahu ɗaya ya fi sau goma. Rannan ya ce yayansa zai turo masa kuɗin wake, shi kuma asusunsa ya sami matsala, ko zai ara masa nasa? Ya ara masa. Da kuɗin suka shigo, aiki ya yi masa yawa, ba zai iya tashi ya bi layi kullum ba, sai ya miƙa masa katin da lambar ya ce ya ciro da kansa. Tun ranar Litinin bai sake ganinsa ba, kuma katin yana hannun baƙon.

Mai unguwa ya ce, “Kai ko tambayar garinsu ba ka yi ba?”

“Ranka ya daɗe, baƙo ne, ya roƙi alfarma.”

“Nawa ya ba ka?”

Telan ya dube shi kamar an mare shi. “Ko sisi. Ya miƙo min na goro na ƙi. In maƙwabci ya zo aron tsani, kuɗi kake karɓa?”

Na watsar da maganganun da na tanada. Domin ni ma haka nake. Gwauruwar da ke maƙwabtaka da mu, ta asusuna ɗanta yake turo mata kuɗi daga Fatakwal. Mai shayin bakin layinmu, ta nan ake biyansa. Ladanin masallacinmu ma haka. Ban taɓa tambayar ɗayansu daga ina kuɗin suka fito ba, tambayar ma rashin kunya ce. Na tuna wata shekara a Jidda da na roƙi wani Balarabe abokin cinikina a turo min saƙo ta asusunsa, ya dube ni kamar na ce ya ara min haƙoransa. A lokacin na ɗauke shi marowaci. Mu a nan asusu kamar turmi muka ɗauke shi, ko jaki, abin da ba a hana maƙwabci. Wanda ya cuce mu ya san haka sarai. Da gaisuwa ya kama ni, da aro ya kama tela, duka biyun kuwa abubuwan da iyayenmu suka yi mana tarbiyya da su ne.

Na ce masa, “Malam, ban zo kama ka ba. Ni da bakina na karanta musu lamba. Kai ka ba da kati, ni na ba da mabuɗi. Abin da nake roƙo, ka zo Gusau ka sa hannu.”

Ya ce, “Yanzu ma in kana so.” Sannan ya dubi tarin ɗinkin da ke gabansa. “Amma Alhaji, ba za su tsare ni ba?”

Mai unguwa ya ce da shi za a je, kuma da shi za a dawo.

Washegari suka iso, telan cikin babbar rigarsa ta salla, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka fara zuwa wurin 'yan sanda ya ba da bayani, aka yi masa tambayoyi har la'asar, mai unguwa ya tsaya masa. Ranar Litinin muka je bankinsa ya rubuta, ya sa hannu, ya dangwala yatsa. Da muka fito na miƙa masa kuɗin mota. Ya ƙi, ya ce in dai ina son taimakonsa in kawo masa ɗinki. Mai sayen wake kuwa har yau ba a gan shi ba.

Bayan kwana tara kuɗin shanu biyar suka dawo asusuna. Na roƙi ma'aikaciyar nan ta buga min takardar da ke nuna komai, fitarsu da dawowarsu. Shafi biyu ne.

Duk wannan lokaci ban gaya wa Ardo ba. Ya kira ni sau biyu yana tambayar ko mai Umra ya sauka, ina cewa saura kaɗan. Kafin in je wurinsa na ɗauko littattafan da na karanta a ƙuruciya, na duba babin ajiya. Hukuncin a fili yake, kuma na san shi tun kafin in buɗe: wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai in ya yi sakaci. Na rufe littafin. Ba na bukatar alƙali ya gaya min sunan zaman da na yi daga Juma'a zuwa Litinin. Ina da gona a Wonaka, ta gado. Na yanke cewa zan sayar da ita in cika masa kuɗinsa. Maiɗakina ta ce hakan shi ne daidai, ko da yake na ga idonta ya kawo ruwa, don daga gonar nan muke cin gero.

Na hau motar Tsafe. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, muka wuce shingayen jami'an tsaro, kowa a motar ya yi tsit har muka shiga gari. Na same shi a ƙofar gidan ɗan'uwansa, ƙarƙashin dalbejiya, da sandarsa a kan cinya. Mutumin da ban taɓa gani a zaune da hantsi ba. Ya rame.

“Modibbo! Ka zo da mabuɗin gidana ko ka zo cin tuwon gudun hijira?”

Na zauna. Muka gaisa. Sannan na gaya masa da Fillanci, don kada wata kalma ta ɓuya a bayan wata. Na faɗi saƙon, na faɗi kiran, na faɗi tabarau. Na faɗi kwana ukun. Na ce biyar sun dawo, biyu sun tafi, kuma zan sayar da gonar Wonaka in cika.

Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana kallon ƙasa, yana zana ta da bakin sanda. Na san abin da yake gani. Ba lamba yake gani ba, shanu yake gani, kowace da kamarta.

“Mene ne wannan a hannunka?”

Na ce takardar banki ce, ita ke nuna yadda abin ya faru. Ya miƙo hannu. Bai iya karatun boko ba. Ya buɗe ta, ya shimfiɗa a kan cinyarsa, ya shafa ta da tafin hannu daga sama har ƙasa, ya juya bayanta ya duba.

“To, ka kawo ƙirgi,” in ji shi. “Magana ta ƙare.”

Na ce, “Ardo, ba ta ƙare ba. Ƙirgi na saniyar da ta mutu da kwananta ne. Wannan ni na buɗe shingen da hannuna, kuma na ga an kora su na zauna kwana uku ban yi kururuwa ba.”

Ya naɗe takardar gida huɗu.

“Ka tuna jar saniyarka?”

Na ce na tuna.

“Na ɗaure ta a jikin marke, a bakin gangare, na tafi kasuwa. Na ce yanzu zan dawo. Na haɗu da mutanenmu, hira ta yi daɗi, ban dawo ba sai da rana ta karkata. Na tarar ta zame, igiya ta shaƙe ta. Kwana biyu ina tunanin in yanke wuyan ƙirgin kafin in kawo maka. Ban yanke ba.” Ya ɗago ya dube ni. “Kai da kake duban ƙirgi ka faɗi inda kaska ta ciji saniya bara, za ka ce min ba ka ga sawun igiya ba?”

Na ce na gani.

“Ka gani. Ka naɗe, ka tambaye ni yara, ka sa aka kawo min fura. Na sha furar nan kamar ina haɗiyar ƙaya. Shekara ashirin ina jiran ranar da za ka tayar da zancen.”

Na ce, “Waccan saniya ɗaya ce. Wannan biyu.”

“To ka ci ribar ɗaya. Ai dama ɗan kasuwa ne kai.” Ya cire hularsa, ya sa takardar a ciki, ya mayar kansa. “Gonar Wonaka kuwa, in ka sayar da ita, kada ka sake zuwa inda nake.” Ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya, ya ce a kawo wa Modibbo fura, ko da babu nonon kirki a garin nan.

Na sha. Yanzu na san yadda tasa ta bi masa maƙogwaro.

Gidan mai ɗaki huɗu da rijiya ya wuce mu, wani ya saya. Da kuɗin shanu biyar muka samu wani a can bayan gari, ɗaki biyu da rumfa, ba shafe, ba rijiya. Matarsa da 'ya'yansa mata sai sun yi tafiya kafin su samo ruwa. Duk ranar da na je na ga jarkokin nan a jere a bakin ƙofa, na san kuɗin rijiyar a zaurena suka ƙare, tsakanin Asabar da Lahadi. Yafewarsa ba ta haƙa rijiya ba, kuma bai taɓa nuna min cewa ta haƙa ba.

Da kaka na sa aka kai masa buhunan gero daga Wonaka. Ya tsaya a ƙofa ya hana a sauke.

“Biya ne ko kyauta?”

Na ce kyauta.

“To a sauke.”

Bayan babbar salla ya zo gidana da hantsi, a daidai zauren nan, a daidai tabarmar nan. Ya fara kiwon tumaki a bayan gidansa, ya sayar da rago biyu. Ya zaro kuɗin daga aljihu a ƙulle cikin baƙar leda, ya ajiye a gabana, ya ce in sa masa a asusuna, yana tarawa ne saboda rijiya.

Na ce, “Ardo, mu je in buɗe maka naka. Yanzu kana gari, ba wuya.”

“Za mu je, in na koyi lambobin. Kafin nan riƙe min.”

Na dubi ledar. Shi kuwa ya riga ya juya yana kallon titi, yana tambayata ko mai shayin nan namu har yanzu yana zuba sukari kamar na gadonsa.

Na ɗauka.